Ranar da na ɗiga wa birki mai

Watana huɗu a Freiburg, a kudancin Jamus, abokan aiki suka ce ranar Asabar za a hau Schauinsland da keke. Dutse ne mai tsayin mita 1,284, nan bayan gari. Ni da na tashi a Katsina, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, sai na ce ina ciki, don kada a raina ni.

A shagon kekunan gwanjo aka nuna mini guda biyu. Ɗaya birkin roba gare shi, mai matse gefen rim, irin wanda na sani tun ina yaro. Ɗayan faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, kuma mai ne ke tura birkin ta cikin siririn tiyo, babu waya. Zuciyata na kan na robar: ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, ko a daji ya lalace zan gyara abina. Mai shagon ya ce in tuna da ruwan sama. Idan rim ya jiƙe ko ya kwashi taɓo, sai taya ta yi ta juyawa kafin robar ta kama, a dogon gangare kuma rim kan yi zafin da zai iya fasa tub. Na tuna gangaren nan, na biya kuɗin mai faifai ina cije leɓe.

Daren Juma'a na ji faifan yana ɗan ƙara. To, mu a gida duk ƙarfen da ya yi kuka mai yake nema. Na ɗauko man kaca na ɗiga masa, gaba da baya, har ina yaba wa kaina.

Washegari a gangaren farko na matse birki, keke ya ƙwalla ihu kamar an yanka akuya, bai kuma tsaya ba. Ƙafa na sa a ƙasa, yadda muke yi da silifa muna yara, na ƙare cikin ciyawa. Wata abokiyar aikina ta shafa faifan, ta dubi yatsanta, ta dube ni. Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi wannan shirun ya fi mini ciwo. Da a gida ne da an sheƙe da ni, an ba ni suna, an wuce wurin. Gammayen birkin da ke matse faifan sun sha mai, sai sababbi.

Ni fa ɗan mai Raleigh ne. Keken Baba ya girme ni, kuma bai taɓa kwana wurin mai gyara ba. Duk Juma'a da safe yakan kifa shi a zaure, ni ke miƙa masa sifana.

Da na ba shi labari a waya, dariya ya yi har da tari, ina jin Inna daga ɗaki tana tambayar ko na ji rauni. Da ya lafa ya ce, "Kai yaro, can ana samun robar birki mai kyau? Tawa ta cinye." Shago uku na shiga ban samu irin tasa ba, gobe zan gwada na huɗu.