Abin da Cutar Noma ta Koya Mini a Aikin Haƙori

A makaranta an koya mana cire haƙori da yin ciko da ɗinkin dasashi, amma cutar noma, mai cin baki da fuskar yara, ita ce ta fahimtar da ni cewa likitan haƙori ba ya cin gashin kansa. Cutar tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana, kuma tana farawa ne da kumburin dasashi da warin baki, abin da uwa za ta ɗauka zafi ne kawai. Cikin kwanaki kaɗan sai ta ci kumatu ta tarar da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da ba su samu magani ba suna rasuwa, alhali da farko-farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Saboda haka jami'in lafiya na asibitin ƙauye abokin aikina ne na haƙiƙa, ba yarona ba. Shi yake fara ganin yaron, kuma idan ya saba cewa, "Mama, buɗe mini bakinsa in duba," ko da zazzaɓi ne ya kawo su, ya yi abin da tiyata ba za ta iya ba. Duk lokacin da ya turo mini maras lafiya da takarda, nakan mayar masa da bayanin abin da na gani da abin da na yi, domin wanda ba ya jin labarin waɗanda ya turo yakan gaji ya daina turowa.

A asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, gyaran fuskar yaro ɗaya yana buƙatar likitan tiyata da mai ba da maganin barci da nas da mai kula da abinci da mai gashin ƙashi. Na ƙarshen nan ba a cika ambatonsa ba, amma muƙamuƙin da ya kulle, ko an buɗe shi a tiyata, yana iya sake kullewa idan ba a riƙa motsa shi kullum ba.

Akwai kuma amanar harshe. Idan maras lafiya ya zo da cikon da ya faɗi, ba na kushe wanda ya yi shi a gabansa, tunda ban san halin da haƙorin yake ciki ba a ranar. Nakan faɗa masa gaskiyar abin da ya lalace, sannan in kira abokin aikin da ya yi cikon mu tattauna. Uwa kuwa ba na tambayarta dalilin da ya sa ba ta kawo yaro da wuri ba, domin sau da yawa kuɗin mota ne ya tsare ta. Nakan ce mata, "Sannu da ƙoƙari, Mama," in nuna mata yadda za ta wanke masa baki da ruwan gishiri, sannan in roƙe ta ta kawo ƙannensa a duba nasu bakin.