Asirin da na kasa rufawa

Makon jiya na miƙa littafin sakatariya na ƙungiyar matan makarantarmu bayan shekara biyar yana hannuna. An yi ɗan taro a ɗakin da muka saba, aka sha zoɓo da cincin, aka ba ni turmin atamfa, kowace ta tashi ta faɗi alheri. Na gode musu har zuciyata. Sai dai akwai maganar da ba wadda ta taɓo a wurin, ni ma bakina bai iya furta ta ba. Ita nake so in ajiye a nan saboda wadda ta gaje ni, da duk wata da za ta zauna a kujera irin wannan, a nan Gombe ne ko a Bauchi.

A ƙarshen 2019 na karɓi aikin, daidai lokacin da ba a hirar komai a ofis sai binciken da BBC ta yi a jami'o'in Legas da Gana kan malaman da ke neman ɗalibai mata da maki. Shekara guda kafin nan wata kotu a Osogbo ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ife shekara biyu, bayan muryarsa da wata ɗaliba ta naɗa a waya ta bazu, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC kuma ta gurfanar da shi. Jinina tafasa yake yi a lokacin. A ganina abin da ya rage mana kawai shi ne Allah ya kawo mana yarinya ɗaya mai hujja a hannu.

Ta zo kuwa, a watan Nuwamban 2021. 'Yar ajin ƙarshe ce daga wajen Dukku, mai sanyin murya. Ta tsaya a baranda har sai da abokiyar zamana a ofis ta fita sallar la'asar, sannan ta yi sallama. Na nuna mata kujera, ta ƙi, ta durƙusa gefen tebur tana murɗa bakin hijabinta. Wayarta gilashin ya tsage, sai da na karkata ta wajen taga kafin na iya karantawa. Saƙonnin malamin da ke duba mata furojet ne, wato aikin binciken kammala karatu. Sau uku yana dawo mata da babi na uku ba tare da ya ja layi ko ɗaya a ciki ba, kuma kowane lokaci sai saƙo ya biyo baya da daddare, yana faɗa mata masaukin da za ta kai masa gyaran.

Abin da ta ce mini ban manta ko kalma ɗaya ba. "Malama, don Allah a canza mini mai dubawa kawai. Ba na son rigima. In Baffa ya ji, shi ke nan."

Abu ɗaya ta roƙa, abu ɗaya kuma ta ce kada ya faru. Kunnena ya ji, amma zuciyata tana can tana hango ranar da za a kori mutumin nan. Na ce ta turo mini hotunan saƙonnin, ta turo. A daren na zuba su a zauren WhatsApp na shugabannin ƙungiya, mu goma sha ɗaya, na ce ga abin da muka daɗe muna jira, ya za mu yi? Na goge sunanta da ke saman hoton, na ɗauka na yi hattara. Ban lura a cikin saƙo na huɗu ya kira ta da sunanta ba, a wani kuma ya ambaci taken aikin nata. Ban tambaye ta ba. Ko sanar da ita ban yi ba.

Kafin Juma'a hotunan sun kai hannun matar malamin. Kafin Litinin suna yawo a ɗakunan kwanan 'yan mata. Akwai ɗan baffanta a wani sashe, ta wajensa maganar ta isa gida. Har yau ban san wadda ta fitar ba a cikin goman nan, kuma na daina nema, domin ko wace ce, daga hannuna ta karɓa. Irin abin da aka riƙa faɗa a kan yarinyar ba sai na maimaita ba, kowa ya san bakin mutanenmu: me ya sa ta ba shi lamba, me ya sa ta amsa saƙon farko, ai ruwa ba ya tsami banza.

Shugabarmu ta lokacin ta kira ni gidanta. Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce, "Ke har yanzu yarinya ce. Bawan Allahn nan yana da mata da 'ya'ya, yana dab da ƙarin girma. A rufa masa asiri, Allah ya rufa namu. Za a kira shi a yi masa nasiha." Na ce, "Hajiya, ita fa, wa zai rufa nata?" Ta ce ai wannan tambayar ni ya kamata a yi wa. A nan ta yi gaskiya, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Amma har gobe ban yarda cewa ƙungiyar da aka kafa domin mata ita ce za ta fara tunanin abincin namiji kafin karatun yarinya ba. Na yafe mata a matsayinta na babba, amma ban sake kai mata maganar ɗaliba ba har ta sauka.

Makaranta ta ce ba ta aiki da jita-jita, sai an shigar da ƙorafi a rubuce da sa hannun mai ƙorafi, ta kuma zo gaban kwamiti ta maimaita a gabansa. Ana cikin wannan ja-in-ja ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas yarinya tana gida, magana tana yawo a gari, ba lakca ba jarrabawa da za ta kafa hujja da su ta dawo. A cikin watannin aka ɗaura mata aure. Da aka koma, sunanta yana cikin jerin ajin, ita ba ta.

Na shiga mota na je Dukku. Mahaifinta ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura da nono, ya saurare ni har na gama ba tare da ya katse ni ba. Sannan ya ce, "Malama, amana muka ba ku. Ku da kanku kuka sa ta a bakin duniya." Ban sami abin cewa ba. Kofin furar nan yadda aka ajiye shi haka na bar shi.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya, shi ne abin takaicin. Canza mai duba furojet abu ne da ake yi kowace shekara, wani don ya tafi hutun bincike, wani don ɗalibai sun yi masa yawa. Da na shiga ofishin shugaban sashe ni kaɗai na rufe ƙofa, da cikin mako guda an gama ba wanda ya ji. Hujjar kuma a kulle ta a durowa har yarinya ta karɓi sakamakonta, sannan a tambaye ta ko tana so a ci gaba. Ba cewa nake a ƙyale azzalumi ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake a fara fitar da yarinya daga hannunsa tukuna. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hukunta irin waɗannan malamai a Yulin 2020, majalisar ta kammala wa'adinta a 2023 bai zama doka ba. Na so ya zama. Amma ko da ya zama, ba doka ce za ta shiga zauren Baffa ta yi masa bayani ba.

Tun daga nan muka sa ƙa'ida, ni na rubuta ta da hannuna a shafin farko na littafin. Ƙorafin ɗaliba ba ya shiga waya. Mutum biyu kaɗai ke saurare, ita ce kuma za ta zaɓe su. Kafin a ɗaga ƙafa sai an yi mata tambaya uku: me kike so a yi, wa kike so ya sani, wa ba ki so ya sani? A shekara biyun da suka biyo baya akwai 'yan matan da suka gama lafiya suka tafi bautar ƙasa, ko mataimakiyata ba ta san sun taɓa shigowa ofishina ba. Da wannan nake samun barci.

Sauran darussan ƙanana ne. Yarinya ba ta fara zuwa wajenmu, Amirar ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN take fara samu ko shugabar 'yan mata ta ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, don haka a riƙe su hannu biyu, kada a bari bambancin addini ya raba aikin. Ɗaki guda da tabarma da randar ruwa, inda ɗaliba mai goyo za ta bar 'yar rainonta maimakon zaman rana a bayan ɗakin lakca, ya fi taron Ranar Mata ta 8 ga Maris amfani. Mata masu shara ma mata ne, a daina kiran su ranar jera kujeru kaɗai. Kuɗin anko a zuba shi a asusun kuɗin mota, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 akwai masu fashin lakca saboda kuɗin Keke Napep. Kowace naira a rubuta rasit.

Malamin ya sami ƙarin girmansa. Muna haɗuwa a taron tsangaya, yana gaishe ni, ina amsawa.

Ita kuwa na gan ta bara a babbar kasuwar Gombe da goyo a bayanta. Ita ta fara gane ni, ta rusuna ta gaishe ni kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na ce ta yafe mini, ta ce, "Haba Malama, ai rabo ne." Furojet kaɗai ya rage mata, kuma shekarun da ƙa'idar makaranta ta ba ta sun kusa cika. Na sami wata malama da ta yarda za ta duba mata daga gida, sau biyu kawai za ta shigo makaranta. Bayan ƙaramar Sallah na kira maigidanta na yi masa bayani. Ya ce zai yi shawara. Takardar neman dawowar tana cikin jakata, na cike ko'ina, sa hannunta ya rage.