Mai hoto a filin makaɗa

Shagona yana nan kusa da kasuwar Wunti a Bauchi: ɗan ɗaki ne mai shuɗin labule a bango, da firinta ɗaya, da janareta a ƙofa. Fasfon ɗalibai masu rajistar jarrabawa da hoton biki su ne ke ciyar da gidana, wato kamu, ɗaurin aure da walima. Tun da waya ta shiga aljihun kowa ciniki ya ja baya, amma alhamdu lillahi, har gobe amarya tana son alubam ɗin da za ta ajiye.

Sau ɗaya a shekara nakan rufe shagon na yini guda, ranar da matasan unguwarmu ke haɗa taron kaɗe-kaɗen gargajiya bayan Sallah. Aikin sa kai ne, ba a biyan kowa ko kwabo. Da safe ina cikin masu kafa rumfa da jera kujeru da raba ruwan leda. Wajen yayyafa wa fili ruwa kuwa na fi kowa nacewa, domin in 'yan rawa suka ta da ƙura ta shiga cikin kyamara, duk hoton da ka ɗauka sai ya fito da ɗigo-ɗigo.

Sai la'asar ta yi sanyi nake rataya kyamara, lokacin da hasken rana ke sauka a kan fuska ba tare da ya ƙona ta ba. Nan ne aikin yake. Mai kalangu ba a ɗaukarsa daga gaba kamar ango. Maganar kalangu a hammata take: yana matse tsarkiya, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka. Saboda haka nakan durƙusa ta gefen hagunsa in haɗa hammata da gula a hoto ɗaya, in sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa, in ba haka ba hannun ya zama hayaƙi. Mai algaita kuma jiransa ake yi har kumatunsa su cika su yi tam, yana shaƙar iska ta hanci busa ba ta yanke ba. Ba na haska masa fulash, don na ga yadda yake firgita mutum yana tsakiyar busa. Jarawa daga Dass sukan zo da rawarsu, Fulani da sarewa. Mafi wahala shi ne lokacin liƙi, sai masu kuɗi su tare maka gaba, ka rasa ta ina za ka hango makaɗin.

Abin da ke mayar da ni filin nan duk shekara shi ne tsofaffin. Yawancinsu sun yi shekara arba'in suna kiɗa a bukukuwan mutane, an ɗauki amare da angwaye ba adadi, su ana barinsu a gefen hoto, wani lokaci rabin fuska kawai. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Bara akwai wani dattijo mai goge da na ɗauka idonsa a rufe, yatsunsa a kan izgar dokin. Na wanke masa babba, na sa a firem, na kai masa har gida. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ashe haka hannuna ya tsufa?"

Na ce, "Baba, ai shi na zo ɗauka."

Ya laluba aljihu zai ba ni na mai, na rantse ba zan karɓa ba. Sai ya roƙe ni in ƙara wanke ɗaya, ƙarami, zai aika wa 'yarsa da ke aure a Gombe. Washegari da na buɗe shago, shi na fara sa wa a firinta kafin fasfon kowa.