Dokar da ba ta ambaci launin fata ba

A shekarar ƙarshe ta karatuna a sashen kimiyyar siyasa na ɗauki tarihin dokokin zaɓe a jihohin kudancin ƙasar Amurka a matsayin binciken kammalawa. Yawancin abokan karatuna da aka ce wariyar launin fata, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu kai wa baƙaƙe hari, da fararen rigunansu suke tunawa. Suna nan a tarihin, ba shakka, amma kundin dokoki ya fi koya mini yadda aka daɗe ana fifita farar fata.

Bayan yaƙin basasar Amurka da ya kawo ƙarshen bauta, gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 1870 ya haramta hana mutum jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa. Sai jihohin kudu suka nemi wata hanya. A 1898 Luwiziyana ta rubuta cewa mai son rajista sai ya iya karatu ko ya mallaki dukiya, amma an ɗauke sharaɗin ga wanda shi ko mahaifinsa ko kakansa ke da ikon zaɓe kafin 1867. Wane baƙar fata ne kakansa ya yi zaɓe, alhali kakan bawa ne a gonar auduga? Masu rajista baƙaƙen fata a jihar sun haura 130,000 a 1896, zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Ka karanta sharaɗin daga farko har ƙarshe, babu inda aka ce baƙi ko fari. Tun daga nan na saba, duk dokar da ta zo hannuna, in fara tambayar wa za ta cire daga layi kafin in saurari abin da marubutanta suka ce suna nufi.

Sunan jam'iyya ma ba ya taimaka wa ɗalibi. Waɗanda suka kafa wannan tsari 'yan Dimokurat ne, jam'iyyar Rifablikan kuwa ita ce ta Abraham Lincoln, shugaban da ya yi shelar 'yanta bayi. Al'amarin ya juya ne sannu a hankali. Gwamnan Karolina ta Kudu Strom Thurmond ya ɓalle daga Dimokurat a 1948 don kare wariya, ya tsaya takarar shugaban ƙasa, ya ci jihohi huɗu. Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin jama'a, wadda ta haramta wariya, a 1964, Thurmond ya koma Rifablikan, ɗan takararta na shugaban ƙasa Barry Goldwater, wanda ya ƙi amincewa da dokar a majalisar dattawa, ya kwashe jihohi biyar na can ƙuryar kudu. Masu ƙuri'a suka bi a hankali, aƙidar na biye da su.

Daga nan salon magana ya sauya. Ba a ƙara hawa mumbari a ce wariya har abada kamar yadda gwamnan Alabama George Wallace ya yi a 1963 ba. Aka koma zancen 'yancin jihohi, wato kada gwamnatin tarayya ta sa musu baki, da doka da oda da masu cin tallafin gwamnati a banza. An canza wa tuwo suna ne kawai. A 1980 Ronald Reagan, ɗan takarar shugaban ƙasa na Rifablikan, ya je gundumar Neshoba a Misisipi, inda aka kashe matasa uku masu fafutukar rajistar baƙaƙen fata a 1964, ya ce ya yi imani da 'yancin jihohi. Magoya bayansa har yau suna cewa batun tsarin mulki yake yi, kuma ban shiga zuciyarsa ba. Amma wanda ya san me wannan furuci ya kare a Misisipi shekaru ashirin kafin ranar, ya san me taron ya ji. Lee Atwater, ɗaya daga cikin masu tsara wa jam'iyyar dabarun zaɓe, ya bayyana dabarar da bakinsa a wata hira a 1981, kuma a 2005 shugaban jam'iyyar Ken Mehlman ya tsaya gaban NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya amsa cewa neman riba da rarrabuwar launin fata kuskure ne.

Malamin da ya duba aikina bai yarda a yi wa miliyoyin masu ra'ayin riƙau kuɗin goro ba, kuma yana da gaskiya: akwai mai zaɓen Rifablikan saboda haraji, akwai mai yi saboda addini. Ya ce in kawo hujja kan doka ɗaya, in bar zargi. Na zaɓi Karolina ta Arewa.

Dokar zaɓe ta 1965 ta wajabta wa wuraren da suka yi ƙaurin suna da wariya su nemi izinin gwamnatin tarayya kafin su taɓa ƙa'idojin zaɓensu. A watan Yunin 2013 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta rushe ma'aunin da ake tantance waɗannan wurare da shi. Cikin 'yan makonni majalisar Karolina ta Arewa, wadda Rifablikan ke da rinjaye a ciki, ta zartar da sabuwar doka: ta rage kwanakin jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe daga 17 zuwa 10, ta soke rajista da jefa ƙuri'a a rana ɗaya, ta taƙaita irin katin shaidar da za a karɓa. Hujjarsu ita ce hana maguɗi. Abin da ya fito a kotu shi ne 'yan majalisar sun nemi alƙaluman da ke nuna wace hanyar zaɓe baƙaƙen fata suka fi amfani da ita, sannan suka datse waɗannan hanyoyin. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke waɗannan tanade-tanade, ta ce da gangan aka auna baƙaƙen fata, kuma saitin bai kuskure ba. Kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar jihar a 2017. Shekara guda bayan haka aka shigar da sharaɗin katin shaida mai hoto cikin tsarin mulkin jihar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, shari'a ta sake komawa farko.