Ɗalibi mai bizar karatu a ƙungiyar kare ran ɗan tayi a Amurka

A makon farko na zangon karatu, jami'o'in Amurka kan ware rana guda ƙungiyoyin ɗalibai su jera tebura a fili, kowa na farautar sababbin mambobi. A nan yawancin 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya ko Nijar ke fara cin karo da masu adawa da zubar da ciki: tebur da 'yan jariran roba a jere, wannan siffar ɗan tayi mai mako 12, wancan mai mako 20, ga takardar rubuta suna a gefe. Baƙo yakan tsaya yana kallo, domin a gida ba magana ce da ake kafa wa tebur ba. Dokar Arewacin Najeriya ta hana zubar da ciki sai in ran uwa na cikin haɗari, mazhabar Malikiyya kuma ta fi sauran tsanantawa a kai.

A nan kuwa, magana ce da ta raba kan ƙasa. Kotun Ƙoli ta halatta zubar da ciki a 1973 a shari'ar Roe, sannan ta warware hukuncin ranar 24 ga Yuni, 2022 a shari'ar Dobbs, ta mayar wa jihohi da wuƙa da nama. Yanzu Texas ta haramta kusan gaba ɗaya, Illinois da New York sun bar ƙofa a buɗe. Saboda haka kafin ka buɗe baki a tebur, ka san dokar jihar da kake.

Akasarin mambobin ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki Katolika ne da sauran Kiristoci, kuma taro yakan fara da addu'arsu. Musulmi ya faɗi addininsa tun ranar farko, babu wanda zai tilasta masa, hasali ma murna suke su ga wanda ba nasu ba. Sai dai kada ka ƙara wa addini abin da bai ce ba. Aya ta 31 a Suratul Isra'i ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, amma malamai sun yi saɓani kan cikin da bai kai kwana 120 ba, kuma sun yarda a ceci uwa idan ranta ne a kan layi.

Shugabancin irin wannan ƙungiya aikin takarda ne fiye da na lasifika. Sai an yi wa ƙungiya rajista a ofishin harkokin ɗalibai, da kundin dokokinta, da sunayen shugabanni, da malami ko ma'aikaci guda da zai tsaya mata. Samun wannan malamin shi ne mai wuya, don da yawa ba sa son a haɗa sunansu da rigima. A fara nemansa tun kafin hutu. Students for Life of America, babbar ƙungiyar ɗalibai masu adawa da zubar da ciki, tana ba rassanta kayan tebur da horo. A jami'ar gwamnati, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Southworth na shekarar 2000 ya ce kuɗin ƙungiyoyi a raba shi ba tare da duba ra'ayi ba, don haka in an hana ku, ku nemi dalili a rubuce. Jami'a mai zaman kanta ita ke yin dokarta. Abin da ya fi kashe rassa shi ne shugaba ya kammala karatu ya tafi da kalmar sirrin imel da lissafin kuɗi, bai reni magaji ba.

Inda ya kamata ka buɗe ido sosai shi ne biza. Abokinka ɗan ƙasa in an kama shi kan ƙaramin laifi, galibi tara ce ko kwana ɗaya a caji ofis. Kai mai bizar karatu ta F-1, kamu kaɗai na iya jawo soke biza. Dokar FACE ta 1994 ta haramta tare ƙofar asibitin zubar da ciki ko razana mai shiga. Masu tsayuwar 40 Days for Life, wato addu'ar kwana 40 a gaban irin waɗannan asibitoci, a gefen titi suke tsayawa, kada ƙafarka ta taka harabar asibitin. Kada ka ba ɗan takara ko sisin kwabo, doka ta hana baƙo. Mafi haɗari ita ce takardar rajistar zaɓe da ake miƙa wa kowa a irin waɗannan taruka: baƙon da ya sa hannu a matsayin ɗan ƙasa ya jawo wa kansa kora. Tattakin March for Life da ake yi a Washington kowane Janairu tun 1974 ba laifi ba ne, sai dai a tafi da rigar sanyi ta gaske, kuma a tuna kiredit 12 na zango, wato nauyin darussan da biza ta wajabta wa ɗalibin digirin farko, ba ya jiran kowa.

A ganinmu, aikin da ya fi nauyi ba a fili ake yinsa ba. Ɗaliba ce za ta zo bayan an naɗe tebur, murya ƙasa-ƙasa, ta ce tana da juna biyu, tana tsoron a kore ta. Shugaban kirki ya san amsa. Dokar Title IX ta 1972 ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna mata bambanci, dole a ba ta uzurin fashin da likita ya tabbatar, ta dawo inda ta tsaya. In ita ma baƙuwa ce, ta je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje da takardar likita kafin ta ajiye darasi ko ɗaya. Ana iya rage mata nauyin karatu har wata 12, amma in ta ajiye da kanta, matsayin bizarta ya lalace. Sai kuma pampas. Jariri sabon haihuwa kan ci takwas zuwa 12 a rana, kuma tallafin abinci na gwamnati ba ya sayensa. In za ku tara, ku roƙi na jariran da suka ɗan girma, domin kowa ƙarami yake kawowa, jariri kuwa cikin 'yan makonni ya wuce shi.