Launin da Rana ta Cinye

A Tawa na fara koyon zane, a hannun wani dattijo mai rubuta allunan shaguna, kuma na daɗe ina wanke masa burushi da kananzir kafin ya yarda in ja harafi ɗaya a kan kwanon wani. Daga baya na tafi Yamai na koyi aiki da kwamfuta, na dawo gida ina ganin zamanin fenti ya wuce.

Wani mai aski ne ya fara sauke mini girman kai. Na ɗauko masa tsari daga intanet, mai siraran haruffa masu launin toka, wanda ya yi kyau ƙwarai a fuskar kwamfuta, amma bayan mako biyu ya zo yana ƙorafi cewa 'yan kabu-kabu suna wuce ƙofarsa ba su san akwai shago a wurin ba. Sai na tuna yadda maigidana yakan tsallaka titi ya kanne ido ya dubi allo, in bai karantu daga can ba ya dawo ya ƙara wa haruffan kauri. Haka kuma kawunan da ake jerawa a tsofaffin allunan aski, kowane da irin askinsa, an yi su ne domin wanda bai yi lakwal ba ya nuna da yatsa.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne ta hannun wani mai shayi, wanda ya so a zana masa bango da abin da zai tuna wa abokan cinikinsa da zamanin da: fastocin finafinan Indiya na ƙofar silima, bangon kaset, da 'yan kokawa da layunsu, tun da a garinmu aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975. Na kwana uku ina tsara samfurin a kwamfuta. Na dusashe launukan, na sa musu tsage-tsage da tabon ruwa, har hoton ya yi kamar wanda aka tsinto a ƙasan akwatin kaka. Da na kai wa maigidana, ya daɗe yana juya takardar, sannan ya tambaye ni wanda ya bar mini ita a rana. Na ce, "Maigida, da gangan na yi, irin na zamaninku ne." Ya ce, "Ɗana, mu ba mu taɓa shafa koɗaɗɗen launi ba. Ja wur muke sawa, rana da ƙura ne suka cinye."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da nake kira salon da, ashe ɓarnar da rana ta yi wa aikinsu ce. Ja ne yake fara koɗewa, shuɗi yakan jure, shi ya sa tsohuwar fasta take komawa shuɗi-shuɗi, kuma shi ya sa masu allo suke ninka shafin ja suna kewaye haruffa da baƙi, domin ko cikin ya tafi rubutun ya tsaya. Sun yi ta kokawa da koɗewa, ni kuwa na zo ina kwaikwayon kayen da suka sha. Gaskiyar magana, ƙuruciyata nake bege, lokacin da nake tsayawa a gaban waɗannan hotuna ba ni da kuɗin shiga.

Tun daga nan na sake yadda nake kallon magabata. Masallacin Yama, a nan jiharmu, Falke Barmu ya fara gina shi da laka a 1962, ya dawo daga 1975 ya ƙara masa hasumiya huɗu waɗanda babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mustafa Alasan, mai shirya finafinai wanda ya zauna shekaru a Tawa, tun a 1966 yake zana kwaɗi masu motsi yana yi wa masu mulki shaguɓe. Dukansu sabon abu suka yi da kayan da ke gabansu. Ko aska takwas ta babbar riga, da muke yanka mu manna a tsakiyar kowane tambari tare da dagi, maɗinka sun ɗora ta ne a gefen aljihu, kuma rashin daidaiton nan shi ne kyanta. Mu matasan masu kwamfuta mun cika ɗaukar siffa mu bar dalilinta.

Na sake aikin mai shayin da fentin mai da burushi, ja wur, ruwan ɗorawa mai kauri, kowane harafi da baƙin kewayensa. Ranar da na gama ya yi ta gunaguni cewa bangon ya yi sabo da yawa, har ya riƙe mini jaka biyu daga kuɗina. Bazara biyu ke nan da yin aikin, kuma a ɓangaren da ke kallon yamma jan walkin ɗan kokawar ya fara komawa ruwan hoda.