Haƙori ɗaya a sarƙar taimin

Makon jiya aka kawo mini wani tsohon babur mai ƙafa huɗu a bayan mota, mai shi yana biye da leda cike da kayan da ya riga ya canza: kafireta, filogi biyu, kwil, har da akwatin wuta. Ya ce tun ranar da aka sa masa sabon gasket a kan silinda babur ɗin ya rasa ƙarfi, yana tashi da ƙyar, in an danna masa wuta sai ya yi tari ta kafireta. Na ce ya tayar in ji. Bai yi minti ɗaya yana aiki ba na ce a kashe. Na ce, "Ranka ya daɗe, mayar da ledar nan mota, ba abin da ya sami kafiretarka. Wanda ya rufe kan injin nan ya tsallake haƙori." Ya dube ni kamar na yi masa duba.

Ba duba ba ne, lissafi ne. A injin da ke da bawul, sarƙar taimin ce ke haɗa karanshaf, sandar ƙasa da fistan ke juyawa, da kamshaf ko kam, sandar sama mai buɗe bawul, kowanne da sifoket ɗinsa, wato faifai mai haƙora da sarƙar ke hawa. Karanshaf yana zagayawa sau biyu kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya, shi ya sa sifoket ɗin sama yake da ninkin haƙoran na ƙasa. Ɗauki wanda ke da haƙori 32 a sama, 16 a ƙasa. Haƙori ɗaya a sama digiri 11 ne da kwata, a wajen karanshaf kuwa ya zama digiri 22 da rabi. Bawul ɗin shan mai zai buɗe kafin lokacinsa ko bayansa da wannan tazarar, haka ma na fitar da hayaƙi. Da haƙori ɗaya inji yakan tashi, amma a raunane. Da biyu ko uku, a injuna da yawa fistan yana hawowa zai tarar da bawul bai koma ba, ya doke shi ya lanƙwashe.

Irin waɗannan tsofaffin su na fi so a garejina. Suzuki ne suka fara fito da mai ƙafa huɗun a farkon shekarun 1980, da LT125, sauran suka biyo baya. Honda TRX300 da aka yi daga 1988 zuwa 2000, da Yamaha Warrior 350 da Big Bear 350, duk silinda ɗaya ne, kam ɗaya a sama, sarƙa ke jan sa. Inji ne mara rufa-rufa, in ka girmama shi zai girmama ka. Wani lokaci kuma a kawo mini Banshee ko Blaster a ce in saita kam, sai in yi dariya, don waɗannan ba su da kam ba su da bawul ɗin da kam ke buɗewa, ƙofofi ne a jikin silinda fistan ke buɗewa da rufewa.

Maigidana da ya koya mini aikin nan ba ya barin yaro ya taɓa sarƙar taimin sai ya shekara yana wanke kaya. Ranar da ya fara ba ni, zumuɗi ya kwashe ni. Na kwance notin sifoket ban toshe ramin sarƙa da tsumma ba, noti ya suɓuce, na ji ƙararsa can ƙasa cikin inji, ƙil. Maigida bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "To, yaro, kai ka aika shi, kai za ka je ka dawo da shi." Kwana biyu ina fama kafin na fito da shi da mayen ƙarfe ta murfin gefe. Har yau kafin sifana ta hau wannan notin, tsumma ya riga ya shiga ramin, sarƙa kuma na ɗaure ta da waya a jikin firam. Yarana suna ganin kamar tsoro ne. Tsoron ne kuwa.

Yadda nake yi ba wani sirri. Ina cire filogi don inji ya juyu ba wahala, in buɗe ƙaramin murfin leƙe da ke gefen filawil, wato faifan nan mai nauyi da ke bakin karanshaf, in juya karanshaf da hannu ta ɓangaren da inji ke juyawa, har layin da ke da harafin T ya zo daidai da tsagar da ke bakin ramin. Kusa da shi akwai F, wannan na wuta ne, kuma shi ke yaudarar masu gaggawa. Sai in koma sama. Wani sifoket layi gare shi da zai kwanta daidai da leɓen kan silinda, wani ɗigo ne ko da'ira da za ta fuskanci wani ɗan tsini a jikin kan. A yawancinsu ƙusoshin kam, wato tudun da ke tura bawul, suna kallon ƙasa a wannan lokacin, bawul biyun a rufe. Tenshina kuma, wato abin da ke matse sarƙa kada ta yi saki, dole ya kasance a cire ko a janye tun farko.

Wurin da gwani ke bambanta da mai kwaikwayo shi ne ɓangaren sarƙar da ke ja. Sarƙa gefe biyu gare ta, ɗaya karanshaf ke ja, ɗayan tenshina ke matsewa. Idan za ka ɗora ta a sifoket, gefen ja ya zama a miƙe tsaf, duk sakin ya taru a gefen tenshina. Wanda ya bar saki a gefen ja zai ga layinsa ya zauna cas, ya yi murna, yana sakin tenshina kam ya mirgina, layi ya kauce. Abin da ya faru da babur ɗin makon jiya ke nan. Bayan na ɗaure noti da man kulle zare, na mayar da tenshina, sai in juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, tafin hannuna yana sauraro. In na ji ya cije ba na tilasta shi. In ya wuce lafiya, in sake duba T, in sake duba layin sama. Sai bayan nan in auna tazarar bawul da filagej, siraran ƙarafan nan na awon tazara, inji a sanyaye, gwargwadon abin da littafin wannan injin ya ce, don na wani ba ya yi wa wani. Masu na'urar rage matsi a jikin kam kuwa, in ka wuce T kada ka dawo da baya, ka sake zagayowa, in ba haka ba awon bawul ɗin hayaƙi zai yi maka ƙarya.

Akwai gardamar da na gaji da ita, wai an saita inji a juye, fistan yana sama amma a zagayen hayaƙi. In sarƙa tana cire, fistan a sama fistan a sama ne kawai, kam ne ke raɗa wa zagayen suna. Kuma yawancin waɗannan injunan daga filawil suke ɗaukar wuta, filogi yana tartsatsi a kowane zagaye. Sai wasu tsofaffi sosai da na'urar wutarsu ke bakin kam, waɗannan kam sai ka kula da yadda ka mayar da ita.

Amma tsohon inji layinsa ma yakan yi ƙarya, kuma nan ne shekarun da na yi suke biyan kuɗinsu. Filawil yana zaune ne a kan karanshaf da wani ɗan maɓalli mai siffar rabin wata. In ya sare, filawil ya ɗan zame, T zai nuna maka sama alhali fistan bai iso ba. Shi ya sa nake zura siririn tsinke mai laushi ta ramin filogi in ji da hannuna inda fistan ya tsaya, in gwada da abin da layi ya faɗa. Haka nan in an taɓa goge kan silinda a injin lebur, ko sarƙa ta miƙe, layin sama ba zai zauna daidai ba ko ka yi yaya, zai tsaya tsakanin haƙori da haƙori. Mutum ya yi ta matsar da sarƙa gaba da baya har dare, alhali sarƙar ce ta ƙare.

Sarƙar kuwa ita ce baƙin cikina. Jabu ta cika ko'ina, kwalinta ya fi na gangariyar kyau. Wani dila da na daɗe ina sayayya wurinsa ya taɓa rantse mini a kan wata, na ɗaura, ba a yi wata biyu ba babur ya dawo yana kacau-kacau, tenshina ya fito har ƙarshensa. Sunana ne ya ɓaci, ba nasa ba, ni na sake aikin kyauta. Tun daga nan duk sarƙar da ta shigo sai na shimfiɗa ta kusa da tsohuwar, na ƙirga gaɓoɓinta, na lanƙwasa ta gefe in ga iya wasanta. In mai babur ya zo da tasa ta araha, ina gaya masa gaskiya: zan ɗaura, amma bakina ba ya ciki. Kuma ba na sa sabuwar sarƙa a kan robobin jagora da suka cinye, ko sifoket da haƙoransa suka yi tsini.

Sai kuma masu ciniki. Mutum zai tsaya a kaina yana kallo, in na gama ya ce, "Haba Malam, layi biyu fa kawai ka haɗa." Shi ma na makon jiyan haka ya ce, bayan kuɗin kayan cikin ledarsa sun ninka ladan aikina ban san sau nawa ba. Ban ja da shi ba. Na mayar da tsohuwar kafiretarsa da ya ce ta mutu, na wanke ta, na danna sitata sau ɗaya, inji ya kama ya zauna a silo ba tari ba rawa. Ya hau ya zagaya fili sau uku, ya dawo ya biya yadda na faɗa, sannan ya tambaye ni ko na san mai sayen kafireta sabuwa fil da kwil.